An Aske wa Otto Gemu

Fergus Falls, Minnesota
11 ga Afrilu, 1994

Yaya Ardis,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da karnukan, kuma sanyin bana bai taɓa ki sosai ba. Na san ba ki ɗaukar waya, shi ya sa na zauna rubutu, ko da yake kin san ni da alƙalami ba mu saba ba.

Yaya, an aske Otto. Ba gyara nake nufi ba. Aski, tas.

Tun da maigidana, ƙaninki Duane, ya rasu a Nuwamba ba wanda ya taɓa gashin karen nan. Ya fara wari, har matar fasto da ta kawo mini taliya da kifin gwangwani sai da ta yi ta shafa hanci. Ran Juma'a na kai shi shagon askin karnuka, na ce wa yarinyar wurin, Jolene sunanta, ta ɗan rage masa kawai. Da na koma bayan awa uku sai ta fito mini da wani abu kamar ɓera a igiya. Ba gemu, ba gira. Ƙafafun nan da suke kamar ya sa wando sun koma kamar tsinke. Na ce mata ta yi kuskure, karen wani ne ta kawo mini. Sai abin ya kaɗa guntun wutsiyarsa, ya zo ya zauna a kan takalmina yadda ya saba.

Yarinyar tana ta magana, ban ji ko kalma ɗaya ba. Ban san yadda na tuƙo mota zuwa gida ba.

Kin san shekara bakwai Duane ne yake gyara shi da kansa, ran Asabar duk bayan mako biyu, a gareji, rediyo a kunne. Bai taɓa ɗora masa injin aski a baya ba, da yatsu yake tsige tsohon gashin, yadda kika koya masa. A coci mutane kan ce sun yi kama, shi kuma ya ce a'a, gemun Otto ya fi nasa tarbiyya. Yanzu in na dubi karen ba na ganin kowa. Ya shige ƙarƙashin kujerar Duane yana rawar sanyi. Na yanke hannun wata tsohuwar rigar sanyi na zura masa.

Ke ce kika san irin karnukan nan, shinauza, a hannunki aka haife shi. Ki gaya mini gaskiya, zai dawo yadda yake? Kuma me ake yi wa mai irin wannan aikin?

Ki gaida mutanen Jamestown.

Taki,
Marlys

Jamestown, North Dakota
16 ga Afrilu

Marlys,

Na sami wasiƙarki. Lafiya lau.

Gashi zai fito. Gemu wata huɗu ko biyar. Na baya zai fito da laushi, launinsa ya koɗe, don an sa masa inji. Yadda yake da, ba zai dawo ba. Kin ce in faɗa miki gaskiya.

Ga tawa tambayar. Shekara arba'in ina kiwon karnukan nan, ban taɓa ganin mai aski ta cire wa shinauza gemu don marmari ba. Kin ce tun Nuwamba ba wanda ya taɓa shi. Har da mataji? Wata biyar?

Kafin ki nemi abin da za a yi wa yarinyar mutane, ki koma ki ji abin da ta ce.

Ranar da na ba Duane karen nan na faɗa masa abin da nake faɗa wa kowa. Duk ranar da kulawa ta gagara, kare ya dawo gidan da aka haife shi. Ya yarda, kina tsaye a wurin. Zan zo ƙarshen Mayu, ranar da ake kai furanni maƙabarta, in ga kabarin ƙanina. Zan duba Otto. In na ga abin da nake zato, da shi zan koma.

Ba faɗa nake yi ba. Kare ba ya iya rubuto wasiƙa, sai wani ya yi masa magana.

Ardis

Fergus Falls
21 ga Afrilu

Yaya Ardis,

Ina gaishe ki. Wasiƙarki ta iso ran Talata. Na karanta ta a tsaye, na ajiye ta a kan firji, na ce ba zan amsa ba. Laraba na koma shagon, kuma ba zan ɓoye miki ba, faɗa na je yi.

Jolene tana ganina ta tashi. Ta shiga ciki ta fito da wata jakar leda. Ta ce ta ajiye ne don ta ga ranar nan ba na ji. Ta zazzage a kan tebur.

Yaya, ba gashi ba ne. Abu ɗaya ne, kamar tabarmar goge ƙafa, da siffar bayansa da kafaɗunsa. Ta ɗaga shi da hannu biyu bai rabu ba. Gemun kuma a dunƙule yake kamar dutse, da busasshen abinci a ciki. Ta ce mataji ba ya shiga, almakashi ma in ta sa fata za ta yanka. Ta ce ya daɗe ba ya iya buɗe baki sosai. Sai ta ɗaga ƙafarsa ta gaba ta nuna mini hammatarsa. Gyambo ne, ja, faɗin murfin kwalba. Akwai wani a bayan kunne. Kwana goma sha biyu yana cikin rigar da na zura masa ban gani ba.

Ni kuwa na zaci rage cin abincin da ya yi, kewar Duane ce.

Na zauna a kujerar da ake jira. Ta kawo mini ruwa a kofin takarda. Ta ce, "Mama, ba ke kaɗai ba ce. Duk bazara sai na ga irin wannan, kuma yawanci an yi rashi a gidan."

Kin tambaye ni ko har da mataji. Har da mataji. Asabar Duane ya gyara shi, Litinin ya faɗi a bakin ƙofa da shebur ɗin kwashe dusar ƙanƙara a hannu, bai tashi ba. Aikin ƙarshe da hannunsa ya gama ke nan a duniya. Duk lokacin da na ɗauki matajin sai in ga kamar zan share sawunsa. Sai na ce gobe. Ina shafa saman gashin ina jin daɗi, ashe a ƙasa yana cin naman karen. Shekara ashirin da shida ina dafa wa yaran makaranta abinci ba wanda ya taɓa ciwon ciki a hannuna, ga shi dabba ɗaya tal na bari ta ruɓe a kan cinyata.

Na kai shi wurin likita, an ba shi man shafawa. Na ba Jolene haƙuri, ta ce ba komai, an taɓa jifanta da igiyar kare.

Ba zan ce ba ki da gaskiya ba. Amma gidan nan, in ba ƙarar faratansa a kan katako, ba abin da ke motsi a cikinsa. Ki ba ni zuwa ƙarshen Mayun.

Taki,
Marlys

Fergus Falls
15 ga Mayu

Yaya Ardis,

Gaisuwa da fatan alheri. Ba ki amsa ba, na ɗauka shirun naki na nufin sai kin zo.

Gyambon ya warke. Makonni uku ke nan da na buɗe ƙofar gareji ta ciki, wadda ban taɓa ba tun Nuwamba. Teburin da Duane yake gyara shi a kai yana nan, kayan suna jere a cikin gwangwanin kofi, tabaransa a gefe. Ina tsaye ban san ta inda zan fara ba, sai na ji dirim. Otto ya hau kan akwati ya haye teburin da kansa, ya juya fuskarsa wajen taga, ya miƙo mini ƙafar hagu.

Na tsaya ina kallonsa. Ban taɓa tsayawa na kalli yadda suke yi ba, ni nawa in kai kofi in fito. Ashe shi ya haddace. In na gama taje ƙafar hagu ya miƙo ta dama. Sannan ya juya baya. Sannan ya ɗaga haɓa, ko da yake ba abin da ke wurin sai ɗan tsiro kamar burushin haƙori. In na tsallake wani wuri sai ya tsaya ya ƙura mini ido, irin kallon da kike yi wa mutum in ya zuba madara a baƙin kofi.

Ba duka ne ya tafi daidai ba. Jiya na yanke masa farce na zarce, jini ya yi ta zuba har kan takalmina. Na kira Jolene, ta ce in danna masa garin masara. Ya tsaya. 'Yar girar da ta fara fitowa kuma na ce bari in daidaita, yanzu ta hagu ta fi ta dama gajarta, kullum kamar yana tambayata wani abu. Gashin baya yana fitowa da laushi, fari-fari, yadda kika ce.

Abu ɗaya ya gagare ni. In mun gama ba ya sauka. Sai ya rufe ido, ya miƙo fuska, ya tsaya. Na ba shi biskit, ya ƙi. Na ce masa sauka, na tafa hannu, na kashe rediyo. Jiya ya fi minti goma a haka, ido a rufe, yana jira. Daga ƙarshe ɗaukarsa nake yi in sauke, shi kuma ya tafi kamar wanda aka kora daga coci ba a gama addu'a ba. Me Duane yake yi masa a ƙarshe? In kin sani ki taimake ni.

Na gyara miki ɗakin baya.

Taki,
Marlys

Fergus Falls
1 ga Yuni

Yaya Ardis,

Ina fata kun isa gida lafiya. Kin tafi kin ce za ki rubuto abin da kika yanke. Kafin ki rubuta, akwai abin da na kasa faɗa a gabanki.

Na yi mamaki da na ga maƙwabcinki Arlo ne ya tuƙo ki, ke da ba ki yarda kowa ya taɓa motarki. Na yi mamaki da kika ƙi cire safar hannu a maƙabarta, ga rana. Amma sai a gareji na gane, da kika ce in ɗaga miki hammatarsa, in buɗe kunnen, in raba gashin ki gani. Kika miƙa hannu za ki ɗauki matajin, ya faɗi. Kika ce santsi gare shi. Na ga yatsunki, Yaya. Na ga yadda suka lanƙwashe.

Da kika shiga wanka na fita na sami Arlo yana duba taya. Kada ki yi masa faɗa, ni na matsa masa. Ya ce tun Janairu kika rabar da karnukan, duka shida, don ba ki iya riƙe ko igiya. Ya ce har yau kina fita bayan gida ƙarfe shida na safe, lokacin ba su abinci, ki tsaya ki dawo. Ni kuwa ina ta rubuto miki ki gaida karnuka. Wata biyu bayan kin binne ƙaninki. Ba ki gaya wa kowa ba.

Sannan abin da kika yi da muka gama, da ya rufe ido ya miƙo fuska. Kika ce mini in matsa. Kika sunkuya kika hura masa iska a gira, fuu, sau ɗaya, ya yi atishawa ya dira ƙasa da gudu. Kika ce, "Guntun gashi ake hurewa kada ya shiga ido. Babanmu haka yake yi wa dawakai. Ba wani abu ba ne." Kika juya kina karanta kalandar bango, wadda take kan Nuwamba. Ni ma na juya ina gyara gwangwani.

Yanzu ga maganata, ki yi haƙuri in ta fito a karkace. Da ina tsoron ki ɗauke shi. Yanzu na san gidanki ya fi nawa shiru, kuma ban san me ya kamata in roƙa ba. In kin ce ya dawo, zan kawo shi da kaina, ba sai Arlo ya wahala ba. Sai dai wa zai taje shi a can? Ni kuma a nan ina da hannu, ban san aikin ba. Kin ga girar.

Duk abin da kika ce, shi ke nan. Ki riƙa sa hannun a ruwan ɗumi da safe, mahaifiyata ta ji daɗinsa.

Taki,
Marlys

Jamestown
6 ga Yuni

Marlys,

Lafiya lau muka iso. Arlo bakinsa ba ya riƙe ruwa. Shi yake rubuta mini wannan, kamar yadda ya rubuta waccan.

Takardun haihuwar Otto suna cikin ambulan ɗin nan. Na sa sunanki. Sai da na yi kwana biyu kafin in gama sa hannu, kada ki ɓatar.

Ki zo da shi ran Asabar ku yi mini mako biyu. Akwai tebur a nan. Ni zan zauna in faɗa, ke ki yi.

Yayarki,
Ardis