Gidan da Ake Kullewa Ranar Juma'a

Damanhur, ranar Litinin

Zuwa ga yayana Midhat,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Sahar da yara, ya kuma sassauta muku sanyin Milano da aka ce bana ya yi tsanani. Mu nan mun gode Allah. Maigidana Ra'afat ya samu sauƙin ciwon bayansa, ko da yake har yanzu in zai hau benenmu sai ya tsaya a kowane hawa yana tsine wa wanda ya gina shi. 'Yarmu Dalia ta gama jarrabawa, barci kawai take sha. Goggo Ni'imat tana nan da bakinta, ta ce in tambaye ka ko a ƙasar Turawa haramun ne mutum ya kira ƙanwar ubansa a waya.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali kusan kullum muna waya. Dalili shi ne in na fara maganar nan a waya kuka ne zai ci ƙarfina, kai kuma ka katse ni da cewa in kwantar da hankalina. To, hankalina ba a kwance yake ba, kuma takarda ba a katse ta. Ka ce in je in duba maka gidan tsofaffin da Baba yake da idon basira, irin duban da ake yi a can wurinku. Na je, na duba. Akwai ƙarfen riƙewa a banɗaki, zannuwan gado wankakku ne, malamin jinya yana ba su magani a kan lokaci, abinci ba yabo ba fallasa. Da a nan na tsaya, da na ce maka ka yi barcinka. Amma duk waɗannan abubuwa ne da muka saba gani, domin tun da aka kai Baba ba mu taɓa zuwa ba sai bayan an sauko daga Juma'a, lokacin da kowa ya sa farar jallabiya, an turare gidan, shugaban gidan Ustaz Shaukat yana bakin ƙofa yana washe baki yana kiran a kawo shayi.

Juma'ar makon jiya ta sama Ra'afat ya tafi Iskandariya ta'aziyya, sai na ce me zan zauna jira, ga miyar lalo da zomo na yi wa Baba tun da zafinta. Na sauka a bakin layin ana tsakar huɗuba, babu kowa a titi sai kyanwoyi. Yaya, da na isa ƙofar ƙarfen nan sai na tarar an naɗa mata sarƙa, an datse da kwaɗo daga waje, ƙato ne ya fi dunƙulen hannuna. Na buga, na buga, shiru. Sai hancina ya jiyo ƙauri. Na zagaya ta lungu inda tagogi suke, ka san duk an gindaya musu ƙarafuna, ko kan jariri ba zai shiga ba. Na leƙa ta tagar kicin, hayaƙi ya cika shi, tukunyar wake tana kan wuta ta ƙone ƙurmus. A cikin hayaƙin nan na hango Babanmu, yana jan ƙafarsa da ta shanye, hannu ɗaya a kan sanda, yana tari, yana laluben kan tukunyar gas. Ban san lokacin da kwanon miyar ya suɓuce mini ba.

Da ya kashe wutar ya juyo ya gan ni, ka san abin da ya fara cewa? Wai wace irin mace ce take yawo a titi ana huɗuba, in gyara mayafina. Ta tsakanin ƙarafunan nan muka yi magana kamar a gidan yari. Ashe kowace Juma'a haka ake yi. Mai gadi da mai dafa abinci da malamin jinya duk maza ne, duk su tafi masallaci, Ustaz Shaukat ya kwashi tsofaffin da ke iya tafiya a motarsa. Waɗanda ba sa iya tashi, sun fi goma, a rufe su a ciki, mabuɗi yana aljihun mai gadi. Shi kuma mai dafa abinci ya bar tukunya a kan ƙaramar wuta don a dawo a tarar ta nuna. In liman mai dogon bayani ne, to sai yadda hali ya yi.

Ka tuna da ka tambayi Baba a waya ko yana samun zuwa Juma'a, ya ce gwiwa ta hana shi? Ni ma na yarda, har na saya masa man shafawa. Ba gwiwa ba ce. Abokin ɗakinsa ne ya tona shi, wani tsoho Kirista makaho da kowa ke kira Ammu Milad. Ya lalubo tagar yana dariya, ya ce, "Ke 'yata, ubanki ai shi ne gwamnatinmu ranar Juma'a, shi ne 'yan kwana-kwana, shi ne mai ba da ruwa. Taurin kai gare shi kamar jaki, amma jakin kirki ne." Ya ce tun wata Juma'a da tiyon gas ya saki yana huci, Baba ya dawo daga alwala ya tarar an riga an tafi an bar shi, ya ja jiki ya rufe, tun daga ranar bai ƙara shiga motar masallaci ba. Har ya ƙara da cewa shi duk abin da ke damunsa, ranar hisabi kada a ce shi zai biya Juma'o'in Babanmu Hajji Abdulgaffar, don bai san ta inda ake farawa ba. Baba ya ce masa ya rufe baki, tsohon banza, suka yi ta dariya. Ni kuwa ina riƙe da ƙarfen taga ina hawaye. Kai ka san Baba. Mutumin da ko ranar da aka binne Mama bai yarda sahun farko ya wuce shi ba.

Na jira har aka dawo. Ustaz Shaukat ya shigar da ni ofis, ya sa aka kawo shayi, ya yi ta kirana 'yar'uwa. Ya ce ai don lafiyarsu ake rufewa, domin kwanakin baya wani tsoho mai mantuwa ya fice ana salla, sai a bakin layin dogo aka tsinto shi. Na ce to a bar mutum ɗaya mana. Sai ya buɗe ido ya ce ina so ya hana bawan Allah farilla ne? Na ce a ɗauki mace ta zauna na wannan ɗan lokacin. Ya ce mace ita kaɗai cikin maza, me unguwa za ta ce? Maza, Yaya! Mutanen da ko cokali ba sa iya kaiwa baki. Na ce to Kirista, ga su nan cike da gari. Ya ce shawara ce mai kyau, za a duba in Allah ya so, kuma in sani Allah ba ya tozarta gidan da mutanensa ke ɗakinsa. Wallahi saura kaɗan in watsa masa shayin a fuska. Da na juya zan fita ya biyo ni da murya mai laushi, wai in ba mu gamsu ba ƙofa a buɗe take, mutane suna layin neman gurbin Baba.

Ban zauna ba. Na je ofishin da ke sa ido a kan irin waɗannan gidaje, wata mata ta saurare ni da kyau, har ta ce innalillahi. Ta ce gidan yana cikin waɗanda ake yabo, masu dubawa sun je bana ba su ga aibu ba. Na tambaye ta wace rana suke zuwa. Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta, ta ce ranar aiki mana, wa zai fita dubawa ranar Juma'a? Ta karɓi ƙorafina ta ce za a turo mutum. Ko ya zo, ran Talata zai zo ya sha shayi.

Daga nan na koma wa Baba na ce ya tattara kayansa. Na san benenmu hawa biyar ne, na san shi ne dalilin da ya sa muka kai shi can tun farko, amma Ra'afat ya ce ko a kujera ne za a ɗauke shi a hau da shi, mu bar masa ɗakinmu. Baba ya ƙi. Na yi lallashi, na yi kuka, na haɗa shi da girman Mama, ko gezau. Ya ce in na iya hawa da Milad da sauran duka, to ya yarda. Ya ce shi ya ci gurasar gidan nan tare da mutanen nan, ba zai zame ya bar su a bayan kwaɗo ba. Ya kuma gargaɗe ni kada in ɗaga maka hankali kana baƙon wuri. Ka ga dai na saɓa masa.

Abin da ya sa na ce ba zan ƙara jira ba shi ne abin da na gani Juma'ar da ta wuce. Na koma da wuri na tsaya a tagar kicin. Hannun Baba ma yanzu ya yi rauni. Ya kama kan tukunyar gas ya murɗa, ya kasa. Sai da ya kira Ammu Milad, ya kama hannun makahon ya ɗora a kai, yana ce masa dama, dama, kai dama na ce, sannan ta rufu. Gidan nan kaf a hannun gurgu da makaho yake, kuma ƙarfinsu yana ƙarewa.

Don haka ina roƙonka ka taho, ko na mako biyu ne. Ustaz Shaukat ba zai ba ɗa namiji da ya zo daga Turai shayi ya sallame shi kamar yadda ya yi mini ba, Baba ma nauyinka yake ji fiye da nawa, ni har gobe yarinya ce a idonsa. Kada ka ce mini sai bazara. Kafin ka zo, na sayi guduma a wurin maƙeri, zan riƙa sa ta a jaka, in zauna a dakalin ƙofar daga kiran salla har a buɗe. Na gwada ta a kan kwaɗon ɗakin ajiyarmu, wanda bai kai rabin wancan ba. Na yi ta duka har tafin hannuna ya fashe, bai buɗe ba. Duk da haka da ita zan je wannan Juma'ar.

Ka gaishe mini da Sahar, ka ce ina jin kunyarta da na ɗora muku wannan. Ka shafa mini kan Basim da Rim. Ra'afat da Dalia suna gaishe ku, Goggo Ni'imat ma, ita ba ta san komai ba kuma kada ta ji. Allah ya haɗa fuskokinmu kowa yana raye.

Ƙanwarka,
Tahani