Inda Inna Take Cewa Gida

Bebeji, ranar Laraba

Zuwa ga ƙanena Mujitaba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Khairiyya da 'yata Humaira. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a neman da ya kai ku Malesiya, ya dawo mana da ku muna da rai. Mu nan sai godiya. Zafi ya tsananta, rijiyar gidanmu ta ja baya har sai da na ƙara wa guga igiya. Matar Murtala ɗan Baffa Tasi'u ta sauka lafiya, an sami namiji, an mayar da sunan Baba, don haka yanzu akwai jaririn da duk danginmu babu mai iya kiran sunansa. Kada ka yi mamakin ganin rubutun hannu. A waya kullum kana kan hanyar zuwa wani wuri, da na fara magana sai ka ce Allah ya sawwaƙe, ka tambaya ko akwai abin da ake buƙata. Ita takarda ba a katse ta. Yusif abokinka zai taho maka da ita.

Ka ce makarantar su Humaira ta sa kowane yaro ya kawo asalin gidansu da garuruwan da kakanninsa suka zauna, kuma tunda ni ce na karanta tarihi a jami'a, aikin nawa ne. Na yi. Na je Tudun Wada wurin Baffa Tasi'u, tunda Alƙur'anin kakanmu Malam Sha'aibu yana hannunsa. Sai da ya sa na sake alwala, sannan ya kwance gafakar, ya zauna yana kallon hannuna kamar wadda za ta gudu da ita. A warƙoƙin ƙarshe Malam ya rubuta komai da ajami. A Dangora aka haife shi. Ya hau Riruwai lokacin da kuza take tashe, ba don haƙa ba, sai don karantar da 'ya'yan masu haƙar da yi wa matattunsu wanka. Da harkar ta yi sanyi ya gangaro Doguwa, daga nan Tudun Wada, inda aka haifi Baba. Sauran ka sani: Baba ya ɗauki keken ɗinkinsa zuwa Ƙafin Maiyaki, aka haife mu a can, sannan muka dawo Bebeji.

Malam mutum ne mai tsari. Kowane ɗa namiji ya sami suna da wata da gari. Idan mace ce, sai ya rubuta cewa an sami mace, ya yi hamdala, ya wuce. Akwai jakin da ya saya a Doguwa, ya faɗi launinsa da sunan wanda ya sayar masa, don haka jakin ya fi gwaggonninmu uku samun wuri a tarihin gidan. Inna kuwa layi ɗaya ta samu: an kawo wa Baba amarya daga Kiru, lafiya.

To, wannan layin na je nema, ba aikin makarantar Humaira kaɗai ba. Abin da ban iya gaya maka a waya ba shi ne, jikin Inna da sauƙi, amma tunaninta yana komawa baya. Kullum bayan la'asar sai ta ƙulle zannuwa biyu da carbinta da 'yar tasarta, ta tsaya a zaure, ta ce hadari ya taso, a mayar da ita gida. Idan na ce ai nan ne gida, sai ta ce mutanen gidan nan suna da kirki ƙwarai, amma baƙo ba ya wuce lokacinsa. Gidan da ta share fiye da shekara talatin tana share tsakar gidansa ke nan. Likita ya ba abin suna, ya ba mu ƙwayoyi, ya ce a yi haƙuri. Ni kuma na ga tunda gida take nema, sai in nemo mata.

Murtala ya ɗauke mu a motarsa muka bi garuruwan ta baya. A Ƙafin Maiyaki ɗakin da aka haife ka ya zama shagon cajin waya. Inna ta gaishe da mai shagon da ladabi, ta tambayi iyalinsa, ta koma mota. Sai muka nufi Kiru, ina da tabbacin an zo. Ka san tun da aka kawo ta dangin Baba ba sa faɗin sunanta, Ta-Kiru suke ce mata, mu ma muka tashi muna zuwa Kiru yawon Sallah. Muka sauka gidan Iya Zulaihat, 'yar baffanta. Inna ta ci tuwo, ta yaba miya, ta wanke hannu, sannan ta matso kusa da ni ta tambaya a hankali yaushe za mu tafi gida.

Iya Zulaihat ta ji, duk da kunnenta ya yi nauyi, ta yi dariya har da tari. Ta ce wa ya gaya mana su Inna 'yan Kiru ne? Ta ce su baƙi ne, a bayan babbar mota suka zo da turmi da awaki, lokacin da aka datse ruwa a Tiga aka tashi ƙauyensu, Kwarin Ɗinya. An ba sauran mutane fili a sabon matsuguni, amma kakanmu na wajen uwa ya yi fushi ya ce ba zai zauna yana kallon ruwan da ya cinye gonarsa ba, ya taho wurin ɗan'uwansa a Kiru. Damina biyu ko uku Inna ta yi a can aka yi mata aure. Wato sunan da ta amsa duk rayuwarta sunan tasha ne, inda mota ta sauke su. Na tambayi Iya me ya sa ba a taɓa faɗa mana ba. Ta ce wa ya tambaya, kuma garin da babu shi me za a faɗa a kansa.

Kai auta ne, ka hau cinyar Inna har ka yi mata nauyi, da ka tambaya da ta gaya maka. Ni 'yar fari ce. Ka san ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa zama hira da ni ba. Idan tana son in ɗebo ruwa sai ta ce wa bango randa ta yi ƙasa. Ranar da na gama jami'a, sai ta aiko maƙwabciya ta ce mini an gode Allah. Ban taɓa jin haushi ba, haka aka yi wa kowace 'yar fari a unguwarmu. Abin dariyar shi ne, yanzu da ba ta gane fuskata ba muke hira. Ta ɗauka ni ce Furera, ƙanwarta da ta rasu tun ba a haife ni ba. A shekarar nan Furera ta ji maganar Inna fiye da abin da na ji tun da na zo duniya. Idan na dawo daga makarantar da nake koyarwa, sai in ajiye jaka in zama Furera har a yi isha'i, sannan in ci abincina ni kaɗai.

Sati biyu da suka wuce muka kai ta bakin ruwan. Na tambayi masunta inda Kwarin Ɗinya yake. Duk 'ya'yan waɗanda aka tasa ne, kowa da labarin da ya ji wurin ubansa. Mutum uku suka nuna wuri uku, gardama ta kaure, har ɗaya ya ce wa ɗan'uwansa ai ubanka ko a tudu ɓata yake yi. Na duba taswirar wayata, babu komai sai shuɗi. Inna ba ta kula su ba. Ta cire takalmanta kamar mai shiga ɗakin mutane, ta zauna a kan ƙullinta tana fuskantar ruwa, ta ja hannuna. Ta nuna mini inda ɗinyar take, da rumbun mahaifiyarsu, da hanyar rafi inda Furera ta taɓa fasa tulu aka daki ita Inna. Ko wurin da ta nuna daidai ne, Allah masani. Amma tun da ciwon nan ya fara ban ga kafaɗunta sun sauka haka ba.

Can sai ta rage murya, ta ce Furera ba ta sani ba, ai ita Inna tana da 'ya a Ƙafin Maiyaki. Sannan ta faɗi sunan. Badiyya. Mujitaba, na haura arba'in, ban san yadda sunana yake fita daga bakinta ba sai ranar. Ta ce yarinyar ba ta da surutu, sai kallon mutane kamar alƙali. Ta ce a gaban jama'a ba ta iya ɗaukarta, amma da rana tsaka idan kowa ya shiga ɗaki sai ta goya ta, ta zagaya bayan gida da ita. Ta ce kada in gaya wa kowa. Na yi alkawari, na juya ina kallon masunta suna ta gardamarsu. Kai kaɗai na gaya wa, don na duba ban ga wanda zan gaya wa ba.

Daga nan ta ce akwai kuma namiji, mai gudu ba takalmi. Sai ta tsaya. Ta daɗe tana lalube, bakinta yana motsi, kafin ta kamo sunanka. Bara ba ta lalube. Ga abin da binciken da ka sa ni ya nuna mini: Inna tana bin garuruwan nan ɗaya bayan ɗaya tana komawa. Bebeji ta riga ta fita daga hannunta. Yanzu rabinta yana Ƙafin Maiyaki, inda kake yaro. Ranar da ta ƙarasa Kwarin Ɗinya gaba ɗaya, kai ba a haife ka ba. Ni ina da Furera da zan fake da ita, kai ba ka da kowa a can. Ba na neman ka aiko da komai. Ka zo Babbar Sallar nan, ba ta baɗi ba.

Ga takardar Humaira nan a ciki, na zana mata garuruwan da kibiyoyi. A gefen layin Malam na ƙara gida ɗaya da hannuna. Ka san ba ma faɗin sunan Inna, amma na rubuta: Saudatu, Kwarin Ɗinya. Idan malamarsu ta nema a taswira ba ta gani ba, Humaira ta ce mata ta duba cikin shuɗin.

Ka gaishe mini da Khairiyya, ka shafa mini kan Humaira. Baffa Tasi'u yana gaishe ka, ya ce a tuna maka gafakar nan wata rana hannunka za ta dawo. Iya Zulaihat da Murtala da mai jego duk suna gaisuwa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Zan tsaya nan. An yi la'asar, ina jin motsin Inna a zaure da ƙullinta, tana kiran Furera. Bari in je in amsa.

Yayarka,
Badiyya