Izinin Yi wa Babba Gyara

Assalamu alaikum Baba,

Da fatan kana lafiya, da Inna da su Raliya. Yaya damina a Dingaya? Jar saniyar nan ta haihu kuwa?

Ni lafiya lau a Fatakwal, abincinsu ne dai ban saba ba. Karatun lantarkin nan, malami ba ya faɗa mana amsa. Yakan raba mu rukuni-rukuni, ya ce wuta ta ɗauke, ku nemo dalili. Tare ake ci, tare ake faɗuwa.

A rukuninmu akwai Malam Ishiyaku, sa'anka ne. Makon jiya a wurin gwaji na ga kamar ya juya wayoyi biyu. Na sunkuyar da kai yadda ka koya mana a gaban manya, ban yi masa gyara ba. Fis, wato abin da ke kare layin wuta, ya ƙone, duk muka faɗi. Da ya ji na gani, sai ya ce, "Ɗana, da babban layi ne, da kunyarka ta kashe ni."

Saura gwaji ɗaya. In mun sake faɗuwa, gida zan dawo ba takardar shaida. Amma Baba, bakina ya ƙi buɗuwa a gaban mai furfura. Ka aiko mini da izinin yi masa gyara ta bakin Sada direba. In daga wurinka ya fito, zan iya.

Allah ya ƙara girma.

Ɗanka,
Nu'uman