Sajan Yana Tsare a Ɗakin Buhuna

Dutse Uku, Jos.
Agusta, 2004.

Zuwa ga mai girma, mai daraja, Sarkin Dillalan Shanun Agege da kewayenta, Garkuwan gidan Malam Hammawa, Yayana Abdulmalik. Bayan gaisuwa irin wadda talaka ke yi wa basarake, gwiwa a ƙasa, hula a hannu, ina roƙon Allah Ya ƙara maka lafiya da kasuwa. Baba da Inna suna nan ƙalau, matarka Anti Murjanatu ma haka, damina kuma ta yi albarka har katangar bayan gida ta fara sunkuyawa don ladabi.

Ranka ya daɗe, ka zauna kafin ka ci gaba da karatu. Karenka Sajan, wanda ka kawo don gadin raguna, ya ciji 'yarka Ummusalma a ƙauri ranar Talata. Tana raye, tana wasa, tana cin tuwo. Na fara da wannan ne don kada takardar ta faɗi daga hannunka. Abin da ya hana mu sukuni shi ne, watan jiya Sajan ya tsinke igiya, aka gan shi wajen Tina Junction yana kokawa da wani baƙin kare mai dalalar da miyau, wanda ba a sake gani ba. Allurar rigakafin da ka yi alkawarin kai shi kafin tafiyarka kuwa, ni da kai mun san inda ta kwana.

Da abin ya faru, Inna ta ce a tsigo gashin karen a ƙona a shafa a ciwon, kamar yadda ake yi a rugarsu. Maƙwabciyarmu Maman Ifeoma ce ta fizge yarinyar, ta yi ta wanke wurin da sabulu a bakin famfo, sannan muka wuce asibiti aka fara mata allura. Kafin mu dawo, samarin unguwa sun cika ƙofar gida da gorori da duwatsu, wai a miƙo musu mai laifi. Sai dai likitan dabbobin da muka gani ya ja kunnenmu cewa kada a kashe shi. Ya ce a tsare shi a zuba masa ido mako guda da 'yan kwanaki: in ya ci gaba da ci da sha cikin hankalinsa, to babu haukan kare a jikinsa lokacin da ya yi cizon. In kuwa ya canza, mu garzayo. Bai ƙarasa maganar ba, mu ma ba mu nemi ya ƙarasa ba.

Saboda haka Baba, wanda ka san bai taɓa yarda Sajan ya taka zaure ba, shi ya tsaya a bakin ƙofa da carbinsa ya ce duk mai son karen sai ya fara da shi. Yanzu Sajan yana tsare a ɗakin buhuna, kuma babu mahalukin da ake yi wa fatan lafiya a gidan nan kamarsa. Baba in ya dawo masallaci ba ya tambayar kowa yadda ya tashi sai ya ji ko karen ya sha ruwa. Inna ta ji an ce mai wannan ciwo yana gudun ruwa, don haka take bin Ummusalma da moɗa daga safe har yamma, yarinyar tana kuka tana cewa cikinta ya cika. In ta haɗiye, sai ka ji tsakar gida ta saki numfashi. Anti Murjanatu kuwa sai taɓa goshin yarinyar take ta yi.

Jiya Sajan ya ƙi taɓa abincinsa. Ya sha ruwa kaɗan, ya koma lungu ya kwanta yana kallon bango. Nura mai shagon waya ya ce kewar ubangidansa ce, ko kuwa ƙuncin ɗaki. Na gyaɗa kai kamar masani, amma Yaya, ban iya cin nawa tuwon ba ni ma.

Baba da Inna suna sa maka albarka. Anti Murjanatu, Kubra da Nura suna gaisuwa. Ummusalma ta ce a gaya maka ba ta yi kuka ba wajen allura, wanda ba gaskiya ba ne. Ka gaishe da Kawu Abdurrahim.

A ƙarshe, ga ƙoƙon baran bawanka. Majalisar gida ta naɗa ni Wazirin Ciyar da Sajan ba tare da neman ra'ayina ba. Safe da yamma ni ke buɗe ƙofar nan in tura kwano, da silifas, ƙaurina a fili, shi kuma yana kallonsa. Dogayen takalmanka na roba na shiga garke suna kulle a akwatinka, Anti kuma ta rantse ba ta san inda makullin yake ba. Don girman Allah ka buga wa Nura a shagon wayarsa ka faɗi inda ka ɓoye shi. In ba haka ba zan ɓalle kwaɗon, in ka dawo ka hukunta ni da ƙafafuna biyu cikakku.

Ƙaninka mai biyayya,
Lukuman.