Shirun Rahma tun rasuwar Inna

Tamanrasset, 14 ga Maris

Zuwa ga yayata Salima,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan kina lafiya ke da maigida da yara. Allah ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan. Mu ma lafiya lau, maigidana Mika'ilu yana nan yana ban ruwa a garkar wani Buzu a ƙauyen Outoul, kusa da nan.

Yaya, zancen ɗiyata Rahma ne ya sa na ɗauki biro. Kin san a hannun Inna ta tashi a Tsibiri, sai da ta shekara goma sha biyu muka ɗauko ta. Tun da labarin rasuwar Inna ya iso mana yarinyar nan ta rufe baki. Wata uku, abinci sai ta taɓa ta ture, in mun zauna addu'a ta kafa wa bango ido. Ni kuwa na yi kuskure, na dinga jero mata ayoyi, har na ce mata mai bi ba ya baƙin ciki kamar marar bege. Ta dube ni kamar ba ta san ni ba.

Sai na tuna shekarar da ƙanenmu Iliya ya rasu, ina da goma sha biyar kamar ita. Kin tuna Inna ba ta yi mini wa'azi ko sau ɗaya ba? Takan zaunar da ni gindin ɗorawar nan ta bayan majami'a, ta zube gujiya tsakaninmu, mu yi ta ɓara har rana ta karkata, tana rera waƙar sujada can ƙasa-ƙasa. Har yau ina jin ƙanshin hayaƙin da ke zanenta.

Shi ya sa na fara ɗaukar Rahma ranar Juma'a muna bin babanta garka tsinkar tumatir, ba na tambayarta komai. A zuwa na uku ta yi magana. Ta ce kiran ƙarshe da Inna ta yi, ƙin karɓar wayar ta yi, don tana fushi Inna ta yarda aka raba su. Kwana huɗu bayan nan Inna ta tafi. Ta ce tun da ita ba ta saurara ba, tana ganin Allah ma ba zai saurare ta ba. Na ajiye kwando na rungume ta, na gaya mata ni ma rashin zuwa jana'izar uwata yana cina kullum. Muka yi kuka tare, ranar ta ci tuwo.

Ke ce kika riƙe wa Inna wayar a ranar. Ina roƙonki, ki rubuto wa Rahma da hannunki abin da Inna ta faɗa bayan an kashe wayar. Kada ki gyara ko kalma ɗaya, ko da mai zafi ce, yarinyar tana gane ƙarya. Ta san na tambaye ki, tana jira.

Ki gaida Kawu Idrisa da Gwaggo Rakiya da dukan ƴan majami'a.

Taki ƙanwa,
Laure