Yayana yana kwance, kuma shi ke roƙon a sake tseren

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin, don girman Allah a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya fi ƙarfin tunanina, kuma a gida babu wanda zan iya faɗa wa.

Ni 'yar Batsari ce. Wanda zan aura mai walda ne a Safana, zan kira shi Lawal duk da ba sunansa ba ne, aminin yayana ne da zan kira Yaya Sada, ta dalilinsa ma muka san juna. Tun ina sakandare nake cin littattafan soyayya kamar tuwo, kullum mafarkina in samu namijin da ba irin kowa ba. Ranar da na fara ganin Lawal ya ɗaga gilashin walda daga fuskarsa ya yi mini murmushi, wallahi ji na yi kamar an buɗe shafin da na daɗe ina jira.

Su biyun sun kamu da kallon tseren motocin Turawa a waya, irin masu kujera ɗaya ɗin nan, tayoyinsu a waje tsirara, kan direba a buɗe, suna ta zagaya fili mai siffar ƙwai ba tare da sassautawa ba. Lawal ya ce shi ma zai ƙera. Da bututun ƙarfe da injin babur da tayoyin adaidaita ya haɗa guda biyu, ɗaya tasa ɗaya ta Yaya. Bayan an gama yankan gero suka jera tsofaffin tayoyi a wani fili da ke bayan gari, duk Juma'a bayan la'asar matasa su taru, tunda halin rashin tsaro da ake ciki ya sa ba a zuwa ko'ina. Ni kuwa a lokacin daɗi kamar ya kashe ni, ƙawayena na cewa saurayina ya ƙera mota.

Wata Juma'a suna tafe kafaɗa da kafaɗa a kan kwana, sai tayar gaba ta Lawal ta taɓa tayar baya ta Yaya. Da motar gida ce da goguwa kawai za su yi, amma ita wannan taya ce ke hawa kan taya. Motar Yaya ta tashi sama, ta juya, ta daki bishiyar bedi da ke bakin filin. A bayan a-kori-kura aka kai shi asibiti Katsina. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma ƙashin bayansa ya taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai.

Lawal ya zo gidanmu da kawunsa, ya durƙusa gaban Baba yana kuka kamar ƙaramin yaro. Baba ya ce ƙaddara ce, ya yafe, maganar aure ma tana nan. Sai dai ya ɗora sharaɗi guda, ya ce, "Ranar da na ji ka sake hawa wannan abu, ko ka ƙera wa wani, to ba ni da ɗiyar da zan ba ka." Duk wanda ya san Baba ya san ba ya magana biyu.

Tun daga nan Lawal bai yanke ƙafa ba, yana zuwa daga Safana ya juya Yaya, ya yi masa wanka, da hannunsa ya gyara masa keken da ake tura shi a kai. Amma Yaya ya daina magana, ya daina cin abinci, fuskarsa kullum a bango. Inna ta yi kuka har ta gaji.

Kwanakin baya sai muka ga ya canza, yana ci, yana tsokanata, har aski ya nema. Inna ta ɗauka sabon maganin ne, ta yi waina ta raba sadaka. Ni ce na kai musu ruwa, shi da Lawal, na ji suna maganar taya da sitiyari, suna ganina suka canza magana. Da na matsa, Yaya ya faɗa mini gaskiya. Wai wani saurayi daga garin Zakka ya ƙera irin motar, yana yawo yana cewa ta mutanen Safana ba mota ba ce, makara ce. Shi ne Yaya ya roƙi Lawal ya gyara tasa motar, ta Lawal ɗin, a ɓoye su kara da ɗan Zakka, kuma yana so ya gani da idonsa. Ya riƙe hannuna ya ce, "Auta, wannan kaɗai ke sa in farka da safe. Kada ki faɗa wa Baba."

Mun yi rigima da Lawal irin wadda ba mu taɓa yi ba. Ya ce ya kewaye tayoyin da ƙarfe, ya sayi hular kwano, ya sa bakan ƙarfe a saman kujera don kare kan direba. Na ce tayoyin ɗan Zakka fa, wa ya kewaye su? Na ce ni ma na kalli bidiyon nan, can inda ake da katanga da likitoci a bakin fili ma motar tana tashi ta shiga wayar shinge, tayar da ta cire ta faɗa kan 'yan kallo, balle filin da yara ke tsaye a gefe, ba abin da ya raba su da motar sai tsohuwar taya. Bai musa ba. Ya ce, "Mutumin da na kwantar ya roƙe ni abu ɗaya. Ki faɗa mini da wane baki zan ce masa a'a."

Sai na gane ashe shi ma tsoro yake ji, nauyi ne kawai ke tura shi. A littattafai jarumi yakan yi kasada ya dawo da murmushi, ni kuwa na riga na ga yadda ake dawowa, ni ke wanke zanen gadon Yaya.

In na faɗa wa Baba, za a hana tseren, amma aurena ya tafi tunda an riga an taɓa motar, Yaya kuma zai mayar da fuskarsa bango, wannan karon saboda ni. In na yi shiru, ban san wanda za a sake ɗorawa a bayan a-kori-kura ba, Lawal ko ɗan wani da ya zo kallo.

Juma'a mai zuwa za a yi tseren. Yaya ya ce za su gaya wa Inna asibiti za a kai shi, ni kuma in raka shi, ni zan tura kekensa har bakin filin. Jiya ya sa na goge masa farar shaddarsa ta Sallah.

'Yan uwa, in tura keken, ko in je in durƙusa gaban Baba? Don Allah ban da zagi, ku faɗa mini abin da za ku yi in da ƙanwarku ce.