Kular Kawu Bala

Assalamu alaikum Hajiya Kaka, amaryata ta Kumasi. Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taki, yaya su Gwaggo Ladi da yaran gida? Mu nan Handsworth sai godiyar Allah.

Hajiya, na yi ɓarna. Ranar Asabar na raka Kawu Bala hawan dutse, don likitansa ya ce ya riƙa tafiya saboda ciwon sugansa. Matarsa ta cika masa kula da shinkafa da wake. Na yi ta tsokanarsa, wai wa ke hawa dutsen Turawa da kula kamar mai zuwa gona? Da ya shiga alwala kafin mu fita sai na ɓoye ta bayan ƙofa. A zatona garin da dutsen yake, na 'yan yawon buɗe ido, ba ya rasa abinci.

Da la'asar muka sauko, yunwa ta ci ƙarfinsa. Ko'ina gidan giya. Shagon kifin da muka samu, matar da ke sayarwa ta ce da giya suke kwaɓa fulawar. Kawu ya zauna kan benci da burodi da ayaba. Bai yi faɗa ba. Ya dube ni ya ce, "Nasiru, kai ne ko?"

Tun ranar in na gaishe shi, "lafiya" kawai yake cewa. Ke kika haife shi, maganarki yake ji. Ki kira shi ki roƙar mini gafara, ki kuma sa ni a addu'a, Allah ya rage mini wannan wasan.

Ki gaida kowa da kowa.

Jikanki, angonki da ya yi laushi,
Nasiru